Kamfas ɗin Masallacin Rijiyar Bako

Hoto na fara gani. Wata Juma'a ce da la'asar, ina tsakar gidanmu a Roni ina tsince shinkafa, waya a cinyata, sai na ga Kawu Sale ya ɗora sabon hoto. Kawu ƙanin mahaifiyata ne, mutumin Babura, yana fataucin riɗi da aya tsakanin nan da Nijar, kuma ba ya ganin abin mamaki ya ƙyale shi. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Ikon Allah, kamfas ɗin jirgin sama a masallacin ƙauye." Wani ƙarfe ne mai fuskar gilashi, bai fi murfin kwanon sha ba, da baƙin faifai a ciki, fararen lambobi sun kewaye shi. Na ja hoton da yatsu biyu ya ƙara girma. Can sama, daidai ƙarƙashin ɗan tsinken da ke nuna gaba, lamba 24 ce a zaune. Ban san lokacin da tiren shinkafar ya kife ba.

Shekara biyar ke nan, kuma har yau ƙawayena ba su daina tambayata yadda tafiyar ta kasance ba. Wata a zaurenmu na masu karatun littattafai har cewa ta yi in ba ta labarin ta mayar da shi littafi, wai ba ta taɓa jin soyayya irin tawa ba. Ina yin murmushi in kawo wata hira. Saboda mutum ɗaya nake shiru, shi kuma an kai shi makwancinsa watan jiya. To ga labarin, amma ba wanda kuke ji a Kazaure ba ne.

Mijina, Ya Mukhtar, mataimakin matuƙi ne a wani ƙaramin kamfanin jiragen fasinja. Ni da na taso ina ɓoye littattafan soyayya a cikin littafin lissafi, ranar da ya yi sallama a ƙofar gidanmu da farar riga mai igiya a kafaɗa, na ɗauka an buɗe shafi ne an saka ni a ciki. Shekara guda da 'yan watanni muka yi a Kazaure. Yawanci a gajiye yake dawowa, ya ci tuwo, ya yi ƙorafin tsofaffin jirage, ya yi barci. Sauran kalaman ni nake ƙarasa masa a raina.

Da damina ne, da rana tsaka, cikin baƙin hadari. Sun taso daga gabas za su Kano, jirgin ya karkace arewa har ya tsallaka iyaka, suka sauko suna neman filin jirgi a inda babu shi, suka daki tudu. Ba wanda ya fita. Cikin fasinjojin akwai 'yan Kazaure, ɗaya ma katanga ce ta raba gidansu da na surukina. 'Yarmu Ummi tana da wata biyu a lokacin. Na gama takaba na koma Roni da ita.

Da rahoton masu bincike ya fito, wanda ya warware mini shi Injiniya Garba ne, tsohon makanikin jirage da ya yi ritaya ya koma Gwiwa yana kiwon zabi. Ya ce akwatin naɗar bayanai biyu ne a jirgi, ɗaya na murya, ɗaya na lambobi. Na muryar ya ƙone. Na yi kuka a gabansa, don na yi watanni ina tsara abin da Ya Mukhtar ya faɗa a ƙarshe, kuma a duk tsarin da na yi sunana yana ciki. Injiniya ya ce in daina ɓata hawaye, ko da akwatin ya tsira lambobi zan ji ana kira, don a irin wannan lokaci matuƙi aiki yake yi.

Akwatin lambobin ya nuna jirgin yana bin 30, alhali 24 ce hanyar Kano. Ya Mukhtar ne ke tuƙi a ranar, kyaftin yana fama da rediyo da hadari. Rahoto ya ce mai tuƙi ya saita hanya ba daidai ba, kuma bai gwada kamfas ɗinsa da na kyaftin ba. Amma Injiniya ya ce a irin wannan tsohon jirgi, akwatin daga kamfas ɗin kyaftin kaɗai yake ɗaukar lamba. Abin da na gaban Ya Mukhtar yake nuna masa ba wanda ya sani, don ba a same shi a tarkace ba. In da 24 yake nunawa, to abin da idonsa ya gani ya bi, laifin na ƙarfe ne da masu gyaransa.

Surukina, Baba Alhaji, shekara talatin ya yi yana magatakardan kotu. Ya karanta rahoton sau biyu, ya ninke, ya ce an yi hukunci. Daga ranar ya bar sahun gaba da ya gada tun kakanni, ya koma sahun ƙarshe kusa da takalma, don kada kafaɗarsa ta haɗu da ta maƙwabcin da ya rasa ɗa. Ba wanda ya kore shi. Ba kuma wanda ya ce masa ya dawo.

Kashegarin ganin hoton na hau acaɓa zuwa Gwiwa. Na tarar da Injiniya yana bin zabuwa da kwando. Ya goge tabarau, ya daɗe yana kallon wayar. Ya ce irinsa ne, babu tantama, kuma na kyaftin yana hannun masu bincike, don haka wannan na Mukhtar ne. Ya ce lokacin da jirgi ya daki ƙasa faifan yakan cije a inda yake, ya bar tabo a fuska, da wannan tabon ake karanta abin da matuƙi ya gani a ƙarshe.

"Ki saurare ni, 'yata," ya ce. "Kada ki goge, kada ki girgiza. In faifan a cije yake, muna da magana. In yana juyawa, ki yi musu sallama ki dawo gida."

Kashin farko kawai na ji.

Na biya Kazaure na durƙusa a zauren Baba Alhaji na nuna masa. Bai karɓi wayar ba. Ya ce hoto ba shaida ba ne, amma Allah ya kiyaye hanya. Da na miƙe zan fita sai ya kira ni, ya cire hiraminsa ya ba ni, ya ce in an samu abin a naɗo shi a ciki.

A Babura na kwana biyu ina jiran Kawu ya gama auna riɗi. Matarsa ta ga kayan da na fitar, leshi ruwan toka da takalmi mai tsini da ɗan littafi mai furanni da na rubuta jawabin da zan yi wa mutanen ƙauyen, ta tambaye ni ko biki za ni. Ta cusa mini silifas ɗinta a jaka ina cewa ba na so. Kawu ya canza mini sefa, kuɗin Nijar, a bakin kasuwa, muka shiga wata tsohuwar mota da aka ɗaure ƙofarta da igiya, ni da mata uku da buhun barkono. Atishawa na yi har bakin iyaka, kwallin da na ɓata lokaci ina zizarawa ya gangaro kumatu.

A wajen jandarmomi wani dogo ya juya katina, ya ce, "Madam, mi kika zo yi?" Na ɗaga kai yadda na ga ya dace, na ce gaskiya na zo nema. Kawu ya take mini ƙafa, ya ce gaisuwar dangi za ta.

Jandarman ya yi dariya har ya dafa mota. "Kun ƙarar da taku a Najeriya ne? To shiga, in kin samu ki rago muna."

Magariya, inda motar ta sauke mu a Nijar, gari ne kamar namu, sai dai komai ya ɗan goce. Hausa ɗaya muke ji, amma su lahiya suke tambaya, hura suke sha, makaranta kuma lakwal. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ya kuje mini dasashi. Shayi kuwa a ɗan mitsitsin kofi, sau uku, na farko ɗaci kamar magani. Na kurɓi na farkon na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, Kawu ya raɗa mini cewa a nan tashi kafin na uku raini ne. Na zauna na shanye, raina yana can gaba.

Daga nan zuwa Rijiyar Bako, ƙauyen da masallacin yake, babu mota, sai amalanken shanu, don yashi. Awa uku muka yi. A wani gangare aka ce kowa ya sauka a rage wa shanun nauyi. Taku biyu na yi tsinin takalmina ya nutse ya karye. Da silifas ɗin matar Kawu na shiga garin da na yi mako ina mafarkin shigarsa.

A gidan Liman aka sauke ni, wajen matarsa, Inna Hadiza. A wurinmu baƙo tuwo ake tuƙa masa, su kuwa ƙwaryar hura ce da ludayi ɗaya yana zagayawa, daga baya aka kawo dambu da zogale. Kafin in sha ludayi uku mata sun cika tsakar gidan, sun ji matar mai jirgi ta zo. Na zaci kallon tuhuma za su yi mini irin na gida. Sai suka shiga yi mini gaisuwa kamar jiya aka yi rasuwar. Inna Hadiza ta ce ranar suna gona, ruwa ya kore su, suka ji ƙara kamar sama ta tsage. Mazansu ne suka fara isa. Kwana guda kafin hukuma ta zo, su suka kwashe tabarmin ɗakunansu suka rufe mamatan, suka zauna gadi cikin ruwa saboda karnuka. Ta ce akwai wani mai farar riga, ita ta ba da zanen da aka rufa masa. Ban tambaye ta ko igiya nawa ce a kafaɗarsa ba. Jawabina yana jaka, ban ko taɓa shi ba.

Bayan la'asar, da maza suka watse, Liman ya fito mini da kamfas ɗin ƙofar masallaci. Tsoho ne mai fara'a. Ya ce wani manomi ne garmarsa ta tono shi bayan shekara biyu, nesa da inda jirgin ya faɗi. Lokacin suna gina sabon masallaci, gari ya rabu biyu a kan alƙibla, har 'yan'uwa sun daina gaisawa. Wani da ya yi lakwal ya ce ai wannan kamfas ne. Suka ce Allah ne ya aiko musu da mai raba gardama.

Ya ɗora shi a tafin hannu, ya ce in duba ikon Allah. Sai ya juya jikinsa a hankali.

Faifan ya motsa. Ina kallo 24 ta zame gefe, 27 ta zo, 30 ta zo ta wuce abinta, kamar ba ita ce ta raba Baba Alhaji da sahun gaba ba. Lambar da na gani a hoto, yadda aka ajiye shi a ranar ne kawai.

Liman ya ce da aka tsinto shi a cije yake, ba ya amfanar kowa. Karo-karo suka yi aka kai wa mai gyaran agogo a Magariya, kuma ga shi ya gyaru. Ya ga fuskata, ya tambayi Kawu ko ya yi wani laifi. Kawu ya yi masa bayani a gajarce. Tsohon ya miƙo mini da hannu biyu.

"Kayan mijinki ne, ɗiyata. Mun ga alƙibla, gini ya tsaya. Ki yafe muna, gyara muka nufa."

Wa zan zaga? Mutanen da suka ba da tabarminsu? Na naɗe shi a hiramin Baba Alhaji, na yi godiya.

A hanyar dawowa na ce sai na ga mai agogon. Malam Isuhu sunansa, rumfarsa tana bakin kasuwa, agoguna rataye kowanne da nasa lokacin. Yana ganin kamfas ɗin ya washe baki, ya kira maƙwabtan rumfa su zo su ga aikinsa ya dawo gaishe shi. Ya ce kwana tara ya yi a kansa. Ya fasa bayan, ya zubar da wayoyin da ba su da amfani, ya manna maganaɗisu a ƙarƙashin faifan. Fuskar duk baƙin hayaƙi ce, da wani mummunan ƙarzanen da ya ɓata ta, ya bi da sanfefa ya goge sumul, ya sake zana lambobin da hannunsa.

Na tambaye shi a wace lamba faifan ya cije.

"Hajiya, wa ke duban ƙarfe nawa agogo ya tsaya? Gyara aka kawo mini."

Na roƙe shi ya tuna. Ya rufe ido, ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya sani. Ya ce ko dama-dama nan, ko can. Da ya ji dalilin sai fara'arsa ta ɗauke. Ya kore 'yan kallo, ya rage murya.

"In tsayawar kike so, ai ta hi gyara sauƙi. Wace lamba?"

Kawu ya ce bari ya je ya duba farashin aya, ya fita. Ni kaɗai na rage da agogunan suna ta ƙas-ƙas. A duk littafin da na karanta, wadda ta sha wahala irin tawa ba ta komawa gida hannu wofi. Na ga kamar hakkina ne. Na ce ashirin da huɗu.

Ko minti goma bai yi ba. Ya ƙi karɓar ko dala. Har muka iso Babura Kawu bai yi mini magana ba, sai a ƙofar gida ya ce shi dai bai ga komai ba.

Injiniya bai ko sa tabarau ba. Hanci ya kai. Ya ce fentin ƙofa ne wannan, wannan kuma gam ɗin takalmi. Da na gaya masa zancen ƙarzanen da aka goge, ya zauna a kan kwandon zabi ya riƙe kai, ya ce shi ke nan, wannan ƙarzanen shi ne duk abin da Mukhtar ya bari. Sannan ya gargaɗe ni: in na kuskura na aika wa masu bincike, rana ɗaya za su gane, a ce dangin matuƙi sun ƙirƙiri shaida, in ƙara wa sunansa tabo na biyu. Na tambaye shi, a ganinsa a nawa ya cije tun asali. Ya ce bai sani ba, kuma duk wanda ya ce mini ya sani maƙaryaci ne. Mai yiwuwa 24 ce. Mai yiwuwa kuma 30 ce, rahoto ya yi daidai. Wannan na biyun ban taɓa barin ya shigo raina ba sai ranar.

Na je mayar wa Baba Alhaji hiraminsa. Ya warware, ya juya kamfas ɗin dama, ya juya hagu, faifan bai motsa ba. Ya kai shi kusa da ido.

"Wa ya taɓa shi?"

Na faɗa masa duka, tun daga garma har gam, har lambar da na zaɓa da bakina. Na jira faɗa, don mutum ne da aka ce ya taɓa korar ɗan yayansa daga ƙofar kotu a kan shaidar zur. Sai kawai ya mayar da kamfas ɗin cikin hiramin, ya tura ƙarƙashin buzunsa, ya tambaye ni ko Ummi ta warke daga tarin.

Wata guda bayan nan wata ƙawata ta kira ni tana kuka, wai ashe haka na yi ban gaya musu ba. Baba Alhaji yana nuna wa baƙi kamfas ɗin a zaure. Yakan ɗora yatsa a kan lambar ya ce ga shi, a kan hanya yaron yake, ƙarfe ne ya yaudare shi, surukata ce ta tsallaka har Nijar ta ɗauko. In aka ce me ya sa ba a kai wa hukuma ba, sai ya ce ya bar su da Allah. Ran Juma'ar da ta biyo ya koma sahun gaba. Maƙwabcin nan ya matsa masa wuri, har ya riƙe hannunsa bayan sallama.

Daga nan labarin ya fi ƙarfina. A biki a nuna ni, a suna a nuna ni. Injiniya ya daina amsa gaisuwata. Kawu ya canza hanyar fataucinsa, bai ƙara bi ta Rijiyar Bako ba. Ni kuma na tattara littattafaina na ba 'yan unguwa, don duk wanda na buɗe sai in ji warin gam.

Sau ɗaya na yi masa magana, bara, da idonsa ya fara tafiya. Na kai masa Ummi, ta fita wasa, na ce Baba, ku yi haƙuri, abin nan yana damuna, kun san ba gaskiya ba ne.

"Ke kin san ƙarya ne?" ya ce.

Na ce ban sani ba.

"Ni ma haka. Shekara talatin ina rubuta abin da aka tabbatar, maman Ummi. Wannan guda ɗaya ki bar mini."

Na bar masa. Da idon ya tafi gaba ɗaya, da yatsa yake lalubar lambar ya nuna wa masu dubiya, wani lokacin kamfas ɗin a kife, ba mai gyara masa. Ya rasu watan jiya, ranar Talata da hantsi. Maƙwabcin nan yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Da aka zo rabon kayansa, 'ya'yansa suka ce wannan ba ya cikin gado, Baba ya yi wasiyya a ba Ummi in ta yi hankali, ta san ubanta.

Yana cikin akwatina, a naɗe da hiramin. Jiya na buɗe. Zafin bazara biyar ya cinye gam ɗin Malam Isuhu, na ɗan karkata hannu sai faifan ya motsa. Baba Alhaji dai bai ga wannan ba.